Faifan Death na 1975 a kunnen mai gyaran lasifika

Sana'ata gyaran rediyo, amfilifaya da lasifika a nan Gusau, kuma mai wannan sana'a da kunnensa yake cin abinci. Duk kayan da na gama haɗawa sai na gwada shi da sautin da na sani ciki da waje, don in ji ko akwai inda yake yi mini ƙarya. Na daɗe da kaset ɗin Ɗankwairo nake gwaji, saboda amon kotso ba ya rufa wa lasifika asiri. Yanzu na ƙara na biyu, wani faifan CD na wasu 'yan uwa uku baƙar fata daga birnin Detroit na Amurka, waɗanda suka sa wa ƙungiyarsu suna Death, wato Mutuwa. Sunan faifan ...For the Whole World to See, kamfanin Drag City na Chicago ne ya fitar da shi a 2009, amma an naɗi waƙoƙin tun 1975. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ne na ba sautu ya zo mini da shi, bayan ya sha jiyar da ni ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayarsa yana cewa, "Kawu, wannan a kan manyan lasifikanka ya kamata a ji shi." Gaskiyarsa.

Hukuncina tun daga farko: faifan ya ci kuɗinsa ga wanda ya damu da sauti, kuma zai ɓata wa wanda ke neman kiɗan hutawa rai. Waƙa 7 ne kacal, duka-duka minti 26 da 'yan kai.

Irin kiɗan shi ne wanda daga baya aka sa wa suna pank. Reshe ne na kiɗan rok, sai dai an fige masa duk wani ado: jita ɗaya mai ƙara, jitar bes, ganguna, murya, sai gudu da fushi. Waƙa takan fara ta ƙare kafin ka gyara zama. Galibi idan ana ba da tarihinsa akan fara ne daga 1976, shekarar da Ramones na New York suka fitar da faifansu na farko, Sex Pistols na Landan kuma suka fitar da waƙarsu ta farko. Waɗannan yaran na Detroit sun riga su shiga sitidiyo da irin wannan sauti, kuma babu wanda ya ji labarinsu sai bayan shekara 30 da wani abu.

Su uku uwa ɗaya uba ɗaya ne, 'ya'yan gidan Hackney: David mai jita, wanda shi ne babba a cikinsu kuma mai tsara komai, Dannis mai ganguna, sai Bobby mai bes, kuma shi ke rera waƙa. Mahaifinsu Earl limamin coci ne na ɗarikar Baftis, kuma shi da kansa ya zaunar da su a gaban talabijin a 1964 suka kalli Beatles, mawaƙan Ingila, ranar da suka fara wasa a talabijin ɗin Amurka. Kayan kiɗa kuwa daga hannun mahaifiyarsu Majora suka fito, da kuɗin diyyar wani haɗarin mota da aka biya ta. Ta ba su ɗakin bene, ta kuma yanka musu lokaci: daga ƙarfe 3 zuwa 6 na yamma su yi duk ƙarar da za su yi, bayan nan gida ya yi shiru. Wannan baiwar Allah ta burge ni ƙwarai. Ba ta hana ba, ba ta kuma sake musu ba.

A 1971 suka fara da sunan Rock Fire Funk Express, suna kiɗan fonk, wato kiɗan rawa da bes da ganga ke ja, kamar kowane yaro baƙar fata a garin. Detroit garin kamfanin waƙa na Motown ne, garin su Temptations da Supremes, inda aka saba ganin mawaƙi baƙar fata cikin kwat yana rausaya da murya mai zaƙi. Sai suka ga wasan The Who na Ingila da na Alice Cooper, David ya ce ga hanyar da za su bi. Maƙwabta suka yi ta ƙorafi, wasu na cewa me ya kai baƙar fata kiɗan Turawa, alhali kiɗan rok ɗin ma daga hannun baƙaƙen fata irin su Chuck Berry da Little Richard ya taso, kuma Jimi Hendrix bai daɗe da rasuwa ba, a 1970.

Sunan ne ya zame musu ƙaya. Mahaifinsu ya rasu a hanya, yana kai wani abokin aikinsa da ya ji rauni asibiti, wani direba da ya bugu ya afka musu. Abin ya zauna wa David a rai, har ya kai ga cewa ƙungiyar Death za a kira ta. Ba tsafi yake nufi ba, ba kuma tsoratarwa ba. A wurinsa mutuwa gaskiya ce da kowa ke gudun ambata, kuma ƙofa ce zuwa wani wuri. Mu da aka rene mu da cewa mutuwa rigar kowa ce, wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Masu sayar da faifai a Amurka kuwa ba su ga yadda za a liƙa wannan kalma a jikin kaya a ce mutane su saya ba.

Yadda suka sami sitidiyo ma abin a faɗa ne. David ya manna shafin littafin lambobin waya a bango, inda aka jera kamfanonin waƙa, ya jefa 'yar kibiya, ta faɗa kan Groovesville, kamfanin Don Davis. Shi wannan Don Davis shi ne a lokacin mai sitidiyon United Sound, tsohon gida mai tarihi, inda John Lee Hooker ya naɗi waƙar da ta fito da shi a 1948, inda kuma George Clinton da Funkadelic suka yi aiki. Injiniyan sautin da ya zauna da su Jim Vitti ne, kuma ina so a riƙe sunansa, domin rabin abin da nake yabo a wannan faifai aikin hannunsa ne. An yi niyyar waƙa 12. Ana kan 7 sai magana ta kai ga Clive Davis, ɗaya daga cikin manyan masu kamfanonin faifai a ƙasar. Kamar yadda Bobby da Dannis ke ba da labari, ya so kiɗan, ya ce a sauya suna kawai a ƙulla yarjejeniya. David ya ƙi. Ƙannensa sun ji zafin abin, ba su ɓoye ba, amma ba su rabu da shi ba. Daga nan aiki ya tsaya.

Na yi ta juya wannan ƙin nasa a raina. Mai iyali zai ce taurin kai ne, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba, domin David bai ci moriyar komai ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Sai dai na san abin da kamfani ke yi idan ya fara da suna: gobe zai ce a rage ƙarar jita, jibi a sa goge da mata masu amshi. Da ya yarda, da wataƙila sun sami kuɗi, amma wannan sautin da ke hannuna da bai iso haka ba.

A 1976 suka karɓi tef ɗinsu suka buga ƙaramin faifan garmaho da kansu, kwafi 500, da sunan kamfaninsu Tryangle. Waƙa biyu ce a kai, Politicians in My Eyes da Keep on Knocking. Lokacin disko ya cika gidajen rediyo, faifan bai je ko'ina ba. A 1977 suka tattara suka koma garin Burlington a jihar Vermont, suka sauya suna zuwa The 4th Movement, suka yi faifai biyu na waƙoƙin addininsu da kiɗan rok. Nan ma shiru. David ya koma Detroit a 1982, Bobby da Dannis suka kafa ƙungiyar rege mai suna Lambsbread suka ci gaba da neman abinci. Kafin ciwon dajin huhu ya ɗauke David a 2000, ya damƙa wa Bobby ainihin tef ɗin da aka naɗa a United Sound, ya ce ya adana, wata rana duniya za ta zo nema. Bobby ya kai shi can saman rufin ɗaki ya ajiye, bai ma taɓa zaunar da 'ya'yansa ya jiyar da su ba.

Ashe waɗancan kwafi 500 suna nan suna yawo a hannun masu tara tsofaffin fayafai, har kuɗin guda ya kai dala 800. A 2008 Julian, ɗan Bobby, yana Kalifoniya, ya sami labarin wata tsohuwar waƙa da ake sakawa a wuraren taron matasa, da ya saurara sai ya ji muryar mahaifinsa. Shi da 'yan uwansa Bobby ƙarami da Urian suka kafa ƙungiya don su riƙa buga waƙoƙin, suka sa mata Rough Francis, sunan da baffansu David ya taɓa amfani da shi. Wani mai tara fayafai a Chicago ya haɗa gidan da Drag City, aka sauko da tef daga rufi, a watan Fabrairun 2009 faifan ya fito. Jaridar New York Times ta yi dogon rubutu a kansu a watan Maris na shekarar, Bobby da Dannis suka koma dandali da wani mai jita Bobbie Duncan a gurbin yayansu, a 2012 kuma aka yi fim na tarihinsu mai suna A Band Called Death.

To, labari ya yi daɗi, amma ba labari ake sakawa a na'ura ba. Na sha jin tsofaffin waƙoƙin da aka tono aka yi ta kururutawa, ka saka ka ji kamar daga cikin rijiya ake yi. Wannan ba haka yake ba. Abu na farko da ya kama ni shi ne fili. Kayan kiɗa uku ne kawai, kuma kowanne yana da wurinsa, babu mai hawa kan wani. Bes ɗin Bobby ba ya ɓuya a bayan jita kamar yadda aka saba a irin wannan kiɗa, kana iya bin sa daga farkon waƙa har ƙarshe. Gangunan Dannis bushe suke, ba a cika su da amsa-kuwwa ba, kana jin sanda na sauka a kan fata, kana jin farantan ƙarfe suna tsit a lokacin da ya kama su. Jitar David tana da kaushi amma ba ta yage kunne. A nan ne ake gane aikin injiniyan da ya saba da kiɗan fonk, wanda ya san cewa idan bes da ganga ba su zauna ba, komai bai zauna ba.

Keep on Knocking ce ta buɗe faifan, kuma ita ce mai sauƙin shiga kunne, tasirin The Who a fili yake cikinta. Rock-N-Roll Victim da Freakin Out su ne hujjar masu cewa yaran sun riga zamaninsu: gudu ne tsantsa, ba su kai minti 3 ba kowacce, amma ko sau ɗaya ƙafar Dannis ba ta zame ba. Mai saurin da bai iya ba yakan fara da gudu ya ƙare da ja da ciki. Shi yadda ya fara haka ya dire. Waɗancan awa uku na kowace yamma a ɗakin bene ba su tafi a banza ba.

Wadda na fi so ita ce Let the World Turn, kuma ita ce ba ta yi kama da pank ba ko kaɗan. Tana farawa a hankali, jita na ɗiga kamar mai tunani, muryar Bobby ta yi laushi, har ka saki jiki. Can sai su fashe gaba ɗaya, daga baya a bar Dannis shi kaɗai da gangunansa. Da ita nake gane ko amfilifaya tana da numfashi, domin ƙaramar na'ura takan shaƙe daidai wurin da shirun ya koma ƙara. Ita ce kuma ta nuna mini cewa waɗannan ba yara ba ne da suka fake da hayaniya don ba su iya kiɗa ba. Sun iya, zaɓa suka yi.

Ta ƙarshe, Politicians in My Eyes, ita ce aka fi sani. Bes ne ke jan ta, Bobby na zubo kalmomi a jere kamar mai karanta tuhuma, sannan amshi ya buɗe. An rubuta ta a zamanin yaƙin Biyetnam da badaƙalar Watergate da ta sa Shugaba Nixon ya yi murabus a 1974, tana magana a kan 'yan siyasar da ke yin ƙarya suna tura 'ya'yan mutane su mutu. Wata rana tana tashi a shago wani dattijo maƙwabcina mai sayar da batir ya leƙo ya ce, "Malam, wanga wane irin kiɗi na? Faɗa sukai?" Na ce masa, "Baba, da 'yan siyasa suke." Ya tsaya ya saurara har ta ƙare, bai ji kalma ɗaya ta Turancin ba, ya ce ai ko ba a fassara ba ya ji mai ciwo ne ke magana. A jihar da muka binne mutane da yawa saboda rashin tsaro, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba.

Akwai inda faifan ya gaza, kuma dole in faɗa. Na ɗaya gajarta. Idan ka juya dala zuwa naira, ka ƙara wahalar kawo shi, minti 26 ya yi kaɗan, kuma kana gama ji za ka san aiki ne da aka katse a tsakiya. You're a Prisoner da Where Do We Go from Here ba su kai sauran ba a wurina, suna da ƙarfi amma ba sa zama a kai bayan an kashe na'ura. Turancin Bobby a waƙoƙi masu gudu yana da wuyar kamawa ko ga wanda ya yi boko. Sannan ba za ka same shi a kasuwar Gusau ba, na tambayi masu tura waƙa a waya ba wanda ya taɓa jin sunan, kuma na'urar CD ɗin ma ta fara zama kayan tarihi a gidajenmu. Waƙoƙin suna intanet, kowa zai iya ɗanɗanawa kafin ya kashe kuɗi. Abin da nake roƙo kawai, kada a yanke musu hukunci da lasifikar waya. Waya tana yanke bes gaba ɗaya, ta bar ka da ƙarar jita kamar ana yaga kwano, alhali bes ne ƙashin bayan faifan. A nemi ko da abin sawa a kunne ne mai kyau.

Ban kuma yarda da masu cewa su ne suka ƙirƙiro pank ba. A yankin Detroit ɗin kansa MC5 da Stooges sun fitar da fayafai masu irin wannan zafi tun 1969, kuma a ƙasar Peru akwai Los Saicos tun tsakiyar shekarun 1960. Wanda ba a ji shi ba kuma bai koya wa kowa ba: Ramones ba su san da su ba, Bad Brains na Washington, baƙaƙen fatar da suka yi suna a wannan kiɗa daga baya, su ma da kansu suka nemo hanyarsu. Abin da ke gaskiya ya isa ba sai an ƙara gishiri ba. Yara uku a ɗakin mahaifiyarsu sun isa wurin da wasu suka isa bayansu, ba tare da kowa ya nuna musu ba.

Abin da ya fi tsaya mini, a matsayina na mai taɓa waɗannan kaya kullum, shi ne tef ɗin. Zaren maganaɗisu ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura. Na David ya yi sa'a, an naɗe shi a sitidiyo na gaske, ya kuma sami wanda ya ɗauki amana da muhimmanci ko da bai yarda za a zo nema ba. Mu nan fa? Muna da namu mawaƙan da ba na fada ba, waɗanda manya ke kawar da kai idan an ambace su a fili: Kassu Zurmi mai waƙar 'yan tauri, da Gambu na Fagada a jihar Kebbi mai waƙar ɓarayi, wanda ya rasu a 2016. Ko mutum ya ƙi abin da suke waƙa a kai, Hausar da ke bakinsu da hoton zamanin da suka bari ba a samun su a wani wuri. Yawancin abin da ya rage nasu kwafin kwafi ne, an juya daga kaset zuwa kaset har sautin ya dushe, sannan aka matse shi cikin memori. Mutane na kawo mini kaset a buhu, wasu zafin bazara ya narkar da su sun manne, wasu fumfuna ta cinye, su ce na mahaifinsu ne, ko za a iya ceto wani abu. Wani lokaci a kan dace, in sauya masa gida, in goge kan na'ura da auduga da sifirit, in juye shi a kwamfuta. Sau da yawa kuwa sai dai in ba da haƙuri. Duk wanda ke da irin wannan ajiya a gida, musamman wadda aka naɗa a wurin biki ko dandali ba ta kasuwa ba, ya fito da ita daga ƙarƙashin gado tun kafin damina ta gaba, ya sa ta a inuwa cikin akwati mai murfi, kuma kada ya gwada ta a tsohuwar rediyon da ke cin zare.

Bayan wannan faifai Drag City ta sake fitar da wasu daga ajiyar gidan: Spiritual, Mental, Physical a 2011, wanda gwaje-gwaje ne da suka naɗa kafin da lokacin zuwansu sitidiyo, da kuma III a 2014. A 2015 Bobby da Dannis da Duncan suka yi sabo mai suna N.E.W. Na saurare su a intanet. Na 2011 yana da daɗi ga wanda ya riga ya kamu, domin kana jin su suna wasa da dariya a ɗaki, amma sautinsa ɗanye ne, ba ya kusa da aikin Jim Vitti. Sabon kuwa an yi shi da gaskiya, sai dai babu David, kuma ana jin rashinsa. Wanda zai sayi ɗaya kawai, na 2009 zai saya, ya fara da waƙa ta 3, Let the World Turn, idan kunnensa bai saba da ƙara ba.